Tudun da Ba a Huɗawa da Kaka

Idan ka ce wa Arlo Sundby ina kwana, sai ya fara duban takalminka kafin ya amsa, don ya ga ƙasar gonar wa ka tako. A nan yankinmu na kudancin Minnesota babu wanda bai san halinsa ba. Tankin man taraktarsa kwaɗo biyu gare shi. In ɗan tallan iri ya ba shi hula kyauta, sai ya juya ta ciki da bai yana neman inda aka ɓoye farashin. Matarsa Marlys ta taɓa ba matan coci labari cewa ranar da ta ce ta yarda za ta aure shi, sai ya dube ta ya ce, "Me ya sa?"

Ruwa dai ba ya tsami banza. Arlo yana saurayi noma ya karye a ƙasar nan, shekarun da bankuna ke tsince gonaki kamar kaza ta samu tsaba, kuma ubansa Gunnar na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. A kakar ƙarshe ciwon baya ya kwantar da tsohon, sai maƙwabcinsu Harlan Kolstad ya shigo da garmarsa ya huɗe masa gona kaf, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Ya ce, "Na yi maka ne, Gunnar. In ba haka ba mene ne amfanin maƙwabtaka?" Hunturu bai fita ba aka buga gwanjo a ƙofar gidan, hannun da ya fi kowane ɗagawa kuwa na Harlan ne. Shi ya tafi da rabin fadamar. Tudun da ke bayan gida, da yake ruwa ya riga ya wanke shi har goshinsa ya yi ja, ba wanda ya so shi sai wani mai kantin magani a gari, Nygaard, wanda ya saya ya ajiye. Ko Harlan ya huɗe gonar ne don ya san tasa za ta zama, ko tausayi ne ya kawo shi sannan ciniki ya biyo baya, Allah kaɗai ya sani, don su biyun duka suna kwance a maƙabartar bayan coci. Arlo dai tun ranar ya yanke nasa hukuncin, bai kuma sake buɗe shari'ar ba.

Da ya tsaya da ƙafarsa, abin da ya fara yi shi ne ya je ya karɓi hayar tudun ubansa. Hannu kawai suka yi da Nygaard, ba takarda. Bayan mutuwar Nygaard sai abin ya koma hannun matarsa Ardis, ita ma a haka. Duk kaka in an gama girbi, Arlo zai cika kwali da naman san da ya yanka ya kai mata, ta zuba masa gahawa, su yi maganar sanyi da ciwon gwiwa, in ya miƙe zai tafi ta ce, "To Arlo, sai bazara." Wannan kalma ita ce yarjejeniyarsu, sama da shekara talatin. Duk shekara kuma sai ya ji ta da kunnensa gabansa ke daina faɗuwa.

Tun da aka daina juye gona gaba ɗaya, da yawanmu huɗar layi muke yi. Garma ta tsaga siririn layi, faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, daidai inda iri zai faɗa, ta cusa taki a ƙarƙashi, ta bar 'yar kunya a sama. Tsakanin layi da layi ba a taɓawa, karan bara na nan kwance ya rufe ƙasa. Gardamar da ba ta ƙarewa a teburin gahawa inda manoma ke haɗuwa ita ce yaushe za a yi: da kaka bayan girbi, ko da bazara gab da shuka.

Arlo ya daɗe da raba wa kansa wannan gardama. Abin da ya rage musu na fadama baƙar laka ce mai danƙo, a shimfiɗe kamar faranti. Ita da kaka yake tsaga ta, da haƙorin ƙarfe mai nitsewa, ya bar wa hunturu sauran aikin. Sanyi ya kama hogen ya saki, ya sake kamawa, kafin bazara ya zama gari, layin kuma ya riga sauran gonar bushewa da ɗaukar ɗumi. Ka kuskura ka shiga lakar nan da bazara tana jiƙe, haƙorin zai shafe gefen ramin sumul, ya bar maka hoge da kogo, iri ya faɗa inda saiwa ba za ta kama ba.

Tudun kuwa halinsa daban. Ƙasarsa ba nauyi, da rairayi a ciki, ga gangare. Ba ya sa masa ƙarfe sai bazara, 'yan kwanaki kafin shuka, da faifan garma da ba ya nitsewa sosai, kuma ƙugun tudun yake bi a karkace, ba ya gangarowa kai tsaye. Ya san dalili, don ya taɓa gwada huɗar kaka a wani lungu can baya inda ba a hangowa daga titi, ruwan narkewar ƙanƙara ya bi layukan ya mai da kowanne kwata. Abin ya fi muni bayan waken suya, don karan wake ba shi da kaurin da zai tare komai. Da wannan lallaɓawa, da takin 'yan shanunsa, ya dawo da tudun daga kabari. Inda da jar ƙasa ce, ya zama in ka soka shebur baƙa za ka ɗago, da tana tana motsi a ciki. Yana son ƙasar nan so irin wanda bai taɓa furta wa ɗan Adam ba.

To amma a lissafin Arlo, duk abin da ka bari aka san yana da kyau ka sa shi a kasuwa ke nan. Gonar haya ce, kowa na iya zuwa ya ƙara wa Ardis farashi. Saboda haka ya shiga ɓoye tudun a fili, rana tsaka. Layukan bakin titi yakan rage musu taki da gangan, masararsu ta fito a tsumbure, don masu wucewa a mota su girgiza kai su ce Allah sarki. In an tambaye shi abin da ya girba, sai ya zabge kashi ɗaya cikin uku. Dalilin barin tudun sai bazara kuwa, ko Marlys bai gaya wa ba, wai bakinta ba ya riƙe magana in ta shiga cikin matan coci.

Wanda ya fi tsokanarsa a kan wannan shi ne Vern Kolstad, ɗan Harlan. Ƙato ne mai yawan dariya, gonakinsa duka fadama ce shimfiɗaɗɗiya, injunansa kuwa manya, irin waɗanda tauraron ɗan'adam ke riƙe wa sitiyari. A ganin Arlo, mutumin da ke dariya haka akwai abin da yake rufewa da haƙora.

"Arlo, wai tudun nan naka yaushe za a taɓa gama shi da kaka?" in ji Vern, kusan duk shekara, a teburin gahawa na wajen sayar da hatsi. "Ko sai jikokinmu za su gani?"

"Lokaci ne ba ya isa," in ji Arlo. "Mutum ɗaya, tarakta ta tsufa. Da zan samu ai da na so."

"To layukan fa? Na rantse kamar sawun wanda ya fito daga mashaya."

"Hannu ne. Ni ba ni da tauraro mai tuƙa ni kamar wasu."

Sai a kwashe da dariya, Arlo ya sunkuyar da kai cikin kofinsa yana jin daɗin ya sake tsira. Sau ɗaya tak Vern ya taɓa tambayarsa ba da wasa ba. Ya ce, "Ko dai gangaren ne ya sa kake bari? Ka san ni ban taɓa noman tudu ba." Abin da kunnen Arlo ya ji shi ne, ɗan Harlan na son koyon noman tudu. Nan take ya ce, "Wane gangare? Ɗan wannan? Ba komai ba ne." Ya maimaita wannan ƙarya har ta zama abin da kowa ya sani a yankin: Arlo na son huɗa tudunsa da kaka, ƙarfi ne bai kai ba.

A kakar da nake ba da labari, wake ne a tudun. Ana gab da girbi Arlo ya hango kamar murfin rumbunsa ya karkace, ransa ya ba shi wani ne ya hau. Ya kama tsani zai duba, ƙafa ta zame, ya faɗo ƙugu ya karye. Murfin lafiyarsa ƙalau, iska ce ta taɓa shi. Aka kai shi babban asibiti a birni aka yi masa aiki, ya yi makonni a can. Maƙwabta suka yi abin da aka saba yi wa wanda ya kwanta da amfani a gona. Aka kira gayya, injinan girbi suka jeru, mata suka kawo abinci, kafin rana ta faɗi an kwashe komai an zuba a rumbu. Da Marlys ta gaya masa a waya, tambayarsa ta farko ita ce wa ya riƙe makullin rumbun.

Ranar da aka sallamo shi, farkon Nuwamba, Marlys ce ke tuƙi. Maimakon ta bi hanyar da ta fi kusa, sai ta zagaya ta titin da ya ratsa gindin tudun, tana ta ƙunshe murmushi. Suna shan kwana ya gani. Baƙaƙen layuka ne, sababbi, miƙaƙƙu, tun daga ƙoƙon tudun har lambatun bakin titi, kowanne ya gangaro kai tsaye. Abu biyu suka doki ƙirjinsa. Na farko ruwa, don yana kallon layukan ya ga hanyar da zai bi. Na biyun ya fi zafi, har ya danne na farkon. A nan kowa ya san wanda ya sa ƙarfe a gonar haya da kaka, shi zai shuka ta da bazara. Ba doka ba ce, amma haka muke karanta gonaki in muna wucewa, kuma da wuya karatun ya yi ƙarya.

"Tsaya," in ji shi. "Wa ya sa ƙarfe a nan?"

"Vern ne. Ya yi maka fadamar, sannan ya ce bana dai sai an gama maka tudun nan da kaka ko sau ɗaya a rayuwarka. Cewa ya yi kada in faɗa maka sai ka gani da idonka."

"Takin fa?"

"Nasa ya zuba. Ya ce kwa yi magana in ka warke."

"Mutum ya zuba takinsa a gonar wani," in ji Arlo a hankali. "Misis Nygaard fa?"

"Ta tafi Arizona wajen 'yarta, sanyin bana ya yi mata wuri. Ta ce a gaishe ka da jiki."

"Gaisuwa kawai?"

"To me kake so ta ce, Arlo?"

Abin da yake so ta ce kalma biyu ne, kuma karon farko ke nan a sama da shekara talatin da kaka ta wuce bai ji su ba.

Ƙasa ba ta daskare ba tukuna, da sauran gyara. Yana zaune a kujerar bakin taga da sandarsa mai ƙafa huɗu a gefe, ya tsara aikin duka a kansa. A ja abin daddaɓe ƙasa a ƙetare layukan, a baza takin shanu mai kara a kansu, a warware manyan dammunan karan masara da ke jibge a rumfa a inda gangaren ya fi tsanani. Ba zai hana ɓarna gaba ɗaya ba, amma mafi yawan ƙasar za ta tsaya. Aikin yini biyu ne ga mai manyan injuna. Yana cikin wannan tunani a-kori-kurar Vern ta tsaya a ƙofar gida.

Vern ya shigo ya cika falon, ya zauna ya ɗora hula a gwiwa.

"Tsohon ƙarfe, ka dawo? An ce sun sa maka sabon ƙugu, yanzu sai rawa. Ka ga tudun?"

"Na gani."

"Yaya ka ga layukan? Ko igiya aka ja albarka."

"Sun miƙe."

"Na yi maka ne, Arlo. Shekara nawa kana cewa lokaci bai isa ba? Na ce bana sai ya isa."

Kalmomin nan Arlo ya taɓa jin su, a falon nan, daga bakin uban mutumin nan, ubansa na kwance inda shi yake zaune yanzu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, balle a ce ɗan macijin ne da kansa ya shigo ya zauna masa a kujera.

"Akwai abin da ya rage?" in ji Vern. "Ƙasa ba ta kama ba, injuna na zaune ba aikin komai. Faɗi kawai."

Maganar ta zo har bakin Arlo. Dammunan karan na can, yana hango su ta taga. Amma wata murya ta ce masa, wato in gyara maka gonar da ka ƙwace, in kuma koya maka yadda ake riƙe ta? Ka sa ƙarfenka, ka zuba takinka, to ka jira Maris. Tudun da kansa zai rama mini.

"Babu," in ji shi. "Ka gama komai."

Bayan Vern ya fita Marlys ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu. "Ko na gode ba ka ce ba. Mutumin nan yini guda ya yi a gonarka."

"Zan ce masa da bazara."

"Zato zunubi ne dai, ko ka manta?"

"Ubana ma bai yi zato ba," in ji Arlo. "Kin ga inda ya ƙare."

Mako bai zagayo ba sanyi ya sauko, ƙasa ta zama dutse, dusar ƙanƙara ta rufe layukan. Bakin alƙalami ya bushe. Arlo ya kafa kujerarsa a bakin taga da madubin hangen nesa, kuma wanda ke neman shaida ba ya rasa ta. Ya hango 'yan tutoci masu launi a kan tudun, irin waɗanda ake kafawa inda aka ɗebi ƙasa don gwaji. Da Marlys ta kai shi gari ganin likita, ya ga motar Vern a ƙofar gidan Ardis, gidan da ba kowa, ya kuma ga Vern ya fito ya kulle da makullin da ke aljihunsa. A coci ya ji ana cewa ɗan Vern ya gama karatu zai dawo noma, ana nema masa inda zai fara. Biri ya yi kama da mutum. Kowane labari in ya shigo, sai Arlo ya gyaɗa kai, har da wani ɗan murmushi, don babu abin da ke wa mai zargi daɗi kamar a tabbatar masa da abin da yake tsoro.

"Ga waya nan," in ji Marlys wata safiya, ta dangwarar da ita kusa da farantinsa. "Kira matar nan ka tambaye ta, mu huta. Ka hana kanka ci, ka hana ni sakat."

"Ba a tambaya."

"Wa ya ce?"

"Duk wanda ya ce wa mai gona, har yanzu tawa ce, ya tuna mata ke nan tana iya zama ta wani."

"To ai ka ce ta riga ta zama ta wani. Me za ka rasa?"

Ya ture wayar gefe. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Muddin bai tambaya ba, akwai ɗan lungu a zuciyarsa da tudun ke nan nasa. In kuwa nasa ne, to shi da bakinsa ya ce babu abin da ya rage. Wannan lungun ne ba ya son leƙawa, sai ya koma ga madubinsa. Haka ya ci hunturun, yana ramewa, yana tanadin daɗin da zai ji ranar da takin Vern zai bi ruwa.

Ranar ta zo a tsakiyar Maris. Iska mai ɗumi ta taso daga kudu ta yini tana kaɗawa, dusar ƙanƙara ta fara zubewa, sai kuma ruwan sama ya sauka a kai. Wannan shi ne abin da mai tudu ke tsoro. Saman ƙasa ya narke kamar yatsa uku, ƙarƙashi na nan daskare, ruwa ba shi da inda zai nitse sai ya nemi hanya. Da gari ya waye Arlo ya ɗauki sandarsa, don lokacin ya ajiye mai ƙafa huɗun ya koma riƙe mai ƙafa ɗaya, ya shiga mota ya tuƙa kansa zuwa gindin tudun.

Kowane layi ya zama kwata. Ruwa na gangarowa a cikinsu baƙi ƙirin, mai kauri kamar kunu, yana haɗuwa a ƙasa ya cika lambatu ya haura titi. Can sama, inda gangaren ya fi tsanani, layukan sun zurfafa har gwiwa, kuma a ƙasansu jar ƙasar nan ce ke leƙowa, wadda rabonsa da ganinta tun yana saurayi. Ya tsaya a bakin titi ya nemi daɗin da ya yi wata huɗu yana tanadi, bai samu ko ɗigo ba. Baƙin ciki ne kawai, irin na wanda ke kallon gidansa na ci da wuta.

Motar Vern ta tsaya a bayan tasa. Vern ya fito ba hula, ba dariya. Ya tsallake lambatun ya hau tudun yana zamewa, ya tsuguna a bakin wani layi, ya daɗe. Da ya sauko laka ta ɓata shi har cinya, fuskarsa ta yi fari.

"Ya Ubangiji. Arlo, ni na yi wannan?"

"Takinka ne ya tafi," in ji Arlo. "Gonarka ce."

"Gonar wa?"

"Kada ka raina mini hankali, Vern. Na ga tutocinka. Na gan ka da makullin gidanta."

"Tutocin na gwajin ƙasa ne, don in san irin takin da zan zuba maka. Makullin kuwa famfunanta nake dubawa kada sanyi ya fasa su, shekara nawa ina yi." Ya tsaya yana kallon Arlo kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai ya zaro waya da hannunsa mai laka, ya danna, ya buɗe muryar yadda su biyun za su ji.

Ardis ta ɗauka, muryarta tar kamar tana gefensu. Vern ya ce mata ga Arlo, yana son ya san wa zai noma tudun bana.

"Arlo, kai ne? Yaya ƙugun? Wace irin tambaya ce wannan? Wa zan ba in ba kai ba? Ban samu zuwa asibiti ba ne kafin in taso, na ce ai ba sai na faɗa ba, shekara talatin. In sai ka ji ne hankalinka zai kwanta, to ga shi: sai bazara. Wai ƙarar mene ne nake ji haka, ruwa ake yi?"

"Ruwa ne, Misis Nygaard," in ji Arlo.

Vern ya kashe wayar ya mai da aljihu. Suka tsaya, ruwan na wucewa ta gefen takalmansu. Arlo na ganin lokacin da abin ya faɗo wa Vern, don fuskarsa ta tashi daga fari ta koma ja.

"Ka san haka za ta faru."

Arlo ya kau da kai ya dubi lambatun.

"Ba lokaci ne ba ya isar ka ba. Duk shekarun nan. Layukan ma da muke wa dariya, da gangan kake karkata su. Na taɓa tambayarka, Arlo, na ce ko gangaren ne, ka ce ba komai ba ne."

"Na faɗa."

"Ranar da na zo gidanka fa, na ce akwai abin da ya rage? Da gyara a lokacin?"

"Da akwai."

"Don ka ƙona ni ka bar ƙasar ubanka ta bi ruwa?" Vern ya goge fuska da bayan hannu, ya ƙara shafa mata laka. "Ni ba Harlan ba ne. Abin da ke ransa ranar gwanjon nan ni ma ban sani ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba. Amma ni da bakina na gaya maka na yi maka ne. Da wane yare kake so in faɗa?"

Ya juya ya nufi motarsa, ya buɗe ƙofa, sai ya tsaya bai waiwayo ba. "In ƙasa ta sha iska zan kawo motar kwasa, mu mai da abin da ya tsaya a lambatu. Ba zai kai rabi ba. Sauran ya tafi kogi."

Arlo ya buɗe baki. Yana so ya ce na gode, yana so ya ce ka yafe mini, kalmomin suna nan ya san su. Amma harshen da ya yi shekara arba'in yana bin hanya ɗaya ba ya canza ta a safiya guda. Abin da ya fito shi ne, "Me ya sa?"

Vern ya dube shi, ya girgiza kai, ya shiga mota ya tafi.

Arlo ya rage shi kaɗai da tudunsa, nasa, ba mai ja da shi. Ya dogara da sanda ya durƙusa a bakin lambatun, sabon ƙugun na ƙara, ya tsoma hannu ya damƙo baƙar ƙasar. Akwai tana a ciki, da ranta. Ya cire hularsa, irin ta kyautar 'yan tallan iri, ya cika ta fam, ya tsallaka ya fara hawa. Bai yi nisa ba numfashi ya gagare shi, ya tsaya a bakin layin farko inda jar ƙasa ta bayyana, ya juye hular a ciki, ya danna da tafin hannu. Ruwan ya ɗan taru a bayanta, sannan ya ɗauke ta ya wuce da ita ta tsakanin ƙafafunsa.